Ba kowane girman kai ba ne "pride"

Duk wanda ya saba bin muhawarar matasanmu a Facebook ya san kalmomin nan uku: "arrogant", "proud" da "ego". Da su ake jifan kansila, da su ake jifan malami, har ma da budurwar da ta ƙi amsa saƙo. Turanci ya fi haka yalwa, Hausa kuma ta fi shi, amma mun tattara komai mun cusa cikin buhu guda.

A Dole Kaina, kusa da inda iyakokin Najeriya da Nijar da Benin suka haɗu, ana jin Hausa da Dandanci da Zabarmanci, wani lokaci har da Faransanci, a zama ɗaya. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga zuwa Gaya ko Malanville ya riga ya san asalin "haughty" ko da bai taɓa jin ta ba, domin daga "haut" ta Faransanci ta fito, wato sama. Ɗagawa ke nan, hura hanci. "Vain" kuwa tushenta kalmar Latin ce mai nufin fanko, mai yanga da ba komai a ciki. "Pompous" ita ce fankama, babbar riga da dogon jawabi. "Conceited" jiji da kai ne, "boastful" kuma fariya da cika baki. Ɗalibin da ya haddace su duka a matsayin "girman kai" zai sha wuya a jarrabawar WAEC.

Sai dai asarar maki ba ita ce babbar damuwarmu ba. "Proud" fuska biyu gare ta: uban da ke alfahari da ɗansa "proud" ne, wanda ya raina talaka ma "proud" ne. Faransanci ya raba su, Hausa ma ta raba. Shi ya sa kalmar ta zama mafaka.

Akwai abin da Bahaushe ke kira gadara, wato girman kan da ya jingina da iko: kaki, kujera ko ubangida a Abuja. Ita ce ta fi kusa da "arrogance", wadda asalinta ke nufin mutum ya ɗauki abin da ba nasa ba ya ce nasa ne. Mazauna bakin iyaka, daga Kamba har Lolo a ƙaramar hukumar Bagudo, sun rayu cikin rufe iyakar da aka fara a Agustan 2019, sannan aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023. Sun san yadda ake tsayar da mai buhu ɗaya a rana, a yi masa tsawa da Turancin da ba ya ji.

Idan muka ce mai yin haka "yana da ego", mun mayar da zalunci halin mutum, kamar son barkwanci ko yawan barci. Mai fankama dariya ake yi masa a wuce. Mai gadara kuwa ƙara ake kaiwa, kuma a takardar ƙarar ya kamata a rubuta abin da ya aikata, da rana, da wuri.