MAI YA YI TSADA, A DUBA TAYA

'Yan'uwa talakawa, ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Kafin mako ya zagayo lita ta tashi daga wajen naira 190 ta kai 500. Wa ya ɗauki wannan kaya? Mai hatsi da mai tumatir sun biya a kuɗin lodi, talaka kuwa ya biya a bakin mudu.

Ba mu ke yanka farashi ba, gaskiya ne. Amma fa akwai man da muke zubarwa da hannunmu.

Ku dubi taya. In iskarta ta ragu sai ta baje bisa kwalta, inji ya dinga janta kamar mai tura amalanke cikin yashi. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce gyara iska kaɗai yakan ceto har kashi 3 cikin 100 na mai. Dukan taya da ƙafa ba awo ba ne. A je wurin mai faci da safe, tun taya ba ta yi zafi ba, ya auna, a bi lambar da ke rubuce jikin ƙofar direba.

Ƙafar direba ta fi taya ɓarna. Ma'aikatar nan ta ce fizgar mota, da gudu, da taka birki ba dalili, suna cin kashi 15 zuwa 30 a babbar hanya. In aka ninka gudu, iskar da ke tare mota ninki huɗu take yi. Kano zuwa Kaduna wajen kilomita 230 ne. Mai gudun 120 bai riga mai gudun 90 isa ba sai da kamar minti 40. Ashe don minti 40 za a ƙone ribar yini, a sa rayuka cikin hatsari? Sannu ba ta hana zuwa.

Mu 'yan kasuwa ma da namu. Mu ke cewa direba ya taka kada kasuwa ta watse, mu ke roƙo a ɗora buhu bisa rufi. To, mu daina.

Ku kuma direbobi, a kashe inji in ana jiran lodi a tasha. In Allah ya sa mai ya yi saura, ku tuna da fasinja wajen kuɗin mota, don shi ma talaka ne ɗan'uwanku.