Man da ya yi baƙi a kasko

Da an ta da zancen man girki mai lafiya, sai a shiga gardamar man gyaɗa ko manja, wani kuma ya ce a koma man zaitun. Man zaitun yana da kyau, amma ya fi ƙarfin aljihun yawancin magidanta. Ni abin da ya fi damuna shi ne halin da mai ke shiga bayan an zuba shi a kasko.

Ku lura da kaskon mai ƙosai ko mai awara da yamma. Man da aka ɗora tun safe shi ne dai a wuta, an yi masa ƙari, ya yi duhu, yana kumfa yana hayaƙi, gobe ma shi za a ɗora. Duk sa'ad da mai ya ƙone ya huce aka sake mayar da shi wuta, lalacewa yake yi, yana fitar da sinadarai masu illa ga zuciya da jijiyoyin jini. Ba na ɗora wa baiwar Allah laifi ita kaɗai, tsada ce ta kai ta. A gidajenmu ma ana tace man suyar kifi a adana har sai ya ƙare.

Manja na asali yana ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, amma idan aka ƙona shi har jansa ya gushe, an zubar da wannan amfanin. Kusan rabinsa kitse ne mai daskarewa, don haka a sa daidai misali. Akwai kuma 'yan algus: a 2015 hukumar abinci ta Ghana ta gano rinin Sudan a manjan kasuwannin Accra. Jan da ya wuce kima abin tsoro ne.

A Najeriya doka ta wajabta ƙara bitamin A a man da kamfanoni ke tacewa, shi ya sa ake ganin tambarin ido a jikin jarka. Dokar NAFDAC kuma ta hana kitsen nan na masana'anta mai toshe jijiya ya wuce giram 2 cikin giram 100 na mai. To amma wa ke auna man da ake ɗurawa a tsohuwar gorar ruwa, ba suna ba kwanan wata?

Uwargida, ki sayi man gyaɗa ko na riɗi a hannun wanda kika san yadda yake matsa, ko mai hatimi. Ki zuba kaɗan a kasko. In ya yi baƙi ya fara kauri, ki zubar, ko da ranki bai so ba.