Matashin arshitek: ana sayen hatiminsa, ana barin idonsa

Kowace shekara akan samu samari da ƴan mata ƴan Nijar da ke komowa gida ɗauke da takardar shaidar ƙwarewa a kan zanen gine-gine, sana'ar da ma'aikata ke kiran mai ita arshitek. Da yawansu daga Lome suke fitowa, daga makarantar nan ta EAMAU wadda ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci suka buɗe a 1976, wasu kuwa daga Maroko, Aljeriya ko Faransa. Shekara biyar ko fiye suka share bisa teburin zane da gaban kwamfuta. To amma ranar da yaro ya sauka Yamai ko Maraɗi, ranar ce karatunsa na biyu ke somawa, kuma wannan karatu babu inda ake bayar da shi sai a shantiye, wato filin da ake aikin ginin.

Dalili kuwa a fili yake. Takarda ba ta gaya ma mai zane cewa ƙasar jigawa daban take da ta bakin gulbi wajen zurfin tushen gini, ko kuma cewa a wasu unguwannin Damagaram mai haƙa yakan ci karo da dutse tun bai kai gwiwa ba. Ba ta koya masa ya ɗauki bulo ya murza da yatsa ya gane an yi ma siminti rowa, an miƙe buhu ɗaya ya haifi fiye da ƙarfinsa. Hadarin damina a ƙasar Hausa daga gabas yake tasowa, saboda haka bangon gabas ne ke shan dukan ruwa, na yamma kuma ke shan zafin la'asar. Kowane tsohon magini ya san haka tun yana ɗan kwaɓa ƙasa, amma wanda ya koyi zane a bakin teku sai ya ga damina biyu ko uku a kan ginin da ya zana kafin abin ya zauna masa. Ga kuma abin da ya fi duka wuya: lissafin kuɗin aiki, da jayayya da ɗan kwangila, da iya ce ma mutumin da ya haife shi a fasa wannan ginshiƙi a sake, ba tare da an yi baran-baran ba.

Hanyar da aka sani ita ce matashi ya shiga ofishin wani babba a sana'ar ya yi shekaru yana koyo a ƙarƙashinsa. Ofisoshin ba su da yawa, kuma mafi yawansu a Yamai suke. Wanda ya samu shiga sau da yawa akan ɗaure shi ga kwamfuta, yana zana ƙofofi da tagogi na gine-ginen da ba zai taɓa taka ƙafarsa cikinsu ba, ladan kuwa bai wuce na man babur. Wanda bai samu ba sai ya koma garinsu ya jira masu gini, kuma a nan ne maganar ta shafi ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, domin su ne masu ginin.

Abin da aka saba gani shi ne, Alhaji ya sayi fili, ko ma'aikaci ya ci bashin banki zai yi gidan da zai zauna bayan ritaya. Ma'aikatar magajin gari na neman zane kafin ta ba da izinin gini. Sai a nemo yaron wane da ya yi karatu, a ce: “Ɗana, zana mana wani abu ka buga hatimi, a kai ma hukuma.” A ba shi ƴan jikkuna, a sa masa albarka. Daga nan takardar ta shiga akwati, magini ya ci gaba da yadda ya ga dama, mai gida kuma ya ƙara bene bisa tushen da aka lissafa ma ɗaki ƙasa. Mai gida na ganin ya yi wayo, ya tsira da kuɗin bibiyar aiki. Alhali ya sayi abin da ya fi arha a wurin yaron ya bar mai tsada, ya kuma hana shi makarantar da za ta mai da shi gwani. Shi ma yaron ya yi ganganci, domin dokar da aka gada daga Faransa tana ɗora ma arshitek da ɗan kwangila alhakin lalacewar gini har shekara 10. Sunansa na kan bangon da bai taɓa gani ba.

Ba a rasa abin koyi a cikin gida ba. A Yama, cikin jihar Tawa, Falke Barmu, manomi kuma magini, ya soma ginin masallacin Juma'a na ƙasa a 1962, ya yi ta ƙara masa hasumiyoyi da gyare-gyare har shekara ashirin, kuma a 1986 masallacin ya samu kyautar Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan gini na duniya. Bai zauna aji ya koyi zane ba. Ilminsa irin na gidan Sarkin Magina ne, inda yaro ke farawa da ɗaukar tubali, ya kai ga jera shi, sai bayan shekaru a bar shi ya ɗaure bakan gizo da azara. Magina na gargajiya ba su taɓa yarda a kira mutum gwani ba sai an ga soronsa ya ci damina. A wannan fanni tsarinsu ya fi na masu takarda tsauri.

A wannan jiha dai, a Dandaji, Mariam Isufu Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi da tubalin jar ƙasa da ake matsewa da inji, aka gama a 2018. Mariam kwamfuta ta fara karantawa kafin ta koma zanen gini a Amurka, kuma a 2014 ta buɗe ofishinta a Yamai. Abin lura a aikin Dandaji shi ne an kira maginan da suka gina tsohon masallacin aka sa su cikin aikin, suka koyar, suka kuma koya. Wadda ta zo da digiri daga ƙetare ba ta ga faɗuwar girma ba a tsayawa kusa da mai cebur. Haka ma Faransis Kere na Burkina Faso, wanda ya ci kyautar Pritzker a 2022: kafinta ne tun farko, kuma makarantar ƙauyensu Gando da ya gama a 2001 da hannun mutanen garin aka yi ta.

Damina ma ta daina yin sassauci. A 2020 kogin Kwara ya cinye unguwanni a Yamai, a watan Satumba na 2024 kuma tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19, ya zube bayan ruwa mai yawa. Ƙasar da ke cikin wannan hali tana bukatar masu zanen da suka san inda ruwa ke bi da inda yake kwana, kuma ba a sanin wannan daga ofis mai sanyi.

Ƙungiyar arshitek ta ƙasa da manyan ofisoshi suna da nasu nauyin: wanda ya ɗauki ɗan koyo ya fita da shi fili, ya bar shi ya yi magana da magini, ya biya shi abin da zai riƙe kansa. Amma mai gida ba ya bukatar jiran kowa. Idan zai ba matashi zane, ya rubuta a takardar yarjejeniya cewa yaron zai zo ranar da za a auna fili a haƙa tushe, ya kuma duba ƙarafa kafin a zuba kankare, domin bayan an zuba babu mai sake ganinsu. Ya yanka masa kuɗin kowane zuwa, ya gaya ma magini a gabansa cewa maganar yaron tana da nauyi. Sa'an nan ya sake kiransa washegarin ruwan farko, su zagaya bangon gabas tare da maginin, su duba inda indararo ke zubarwa.