Ra'ayinmu: A Ɗauki Nauyin Yaro, Amma Kada A Manta Da Ƙauyensa

Yawancinmu da ke kwana a ɗakunan jami'a a yau 'ya'yan manoma ne ko jikokinsu. Kowannenmu yana iya tuna wani abokin karatunsa na firamare wanda ya fi shi basira, amma bai wuce aji huɗu ba, domin damina ta faɗi, ana bukatar hannunsa a gona, rumbu kuma ya yi ƙasa. Saboda haka maganar ɗaukar nauyin yaran karkara, wadda ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje suka daɗe suna yi, ta shafe mu ƙwarai, kuma ya wajaba mu faɗi albarkacin bakinmu a kanta.

Ga yadda tsarin yake. Wani mutum a Ingila ko Amurka yakan yi alkawarin ba da wasu 'yan kuɗi kowane wata da sunan yaro guda, a aika masa da hoton yaron da wasiƙunsa, a riƙa sanar da shi halin karatunsa. Ƙungiyar Plan ta soma haka a 1937 domin yaran da yaƙin basasar Spain ya ɗaiɗaita. ActionAid ta fara a 1972 da yara 88 a Indiya da Kenya. A 1998 Plan ta shiga Jamhuriyar Nijar, ta kama aiki a yankunan Dosso da Tillaberi, watau ƙasar manoman gero da wake irin iyayenmu.

Ba mu musun amfanin abin ga yaron da aka zaɓa. A 2013 wani masanin tattalin arziki, Bruce Wydick, da abokan aikinsa sun buga sakamakon binciken da suka yi a kan mutum fiye da 10,000 a ƙasashe shida, har da Kenya da Uganda. Sun gano cewa waɗanda aka ɗauki nauyinsu suna yara sun fi takwarorinsu daɗewa a makaranta da fiye da shekara guda. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. To, amma tambayarmu ita ce: ina rabon ƙauyen?

Duk wanda ya tashi a gidan gandu ya san cewa ba a cin tuwo a ɓoye. Idan aka ɗinka wa yaro ɗaya rigar makaranta, aka saya masa takalmi, alhali 'yan'uwansa goma suna kallo, an shuka gaba a tsakar gida. Tun a 1982 mujallar New Internationalist ta yi kakkausar suka a kan wannan, ta nuna yadda kuɗi masu yawa ke tafiya wajen ɗaukar hoto da fassara wasiƙu, da yadda ake koya wa yaro jiran hannun baƙo. A hankali yawancin manyan ƙungiyoyin suka sake salo. Yaro ya zama wakilin garinsu a wurin mai bayarwa, kuɗin kuwa a haɗa su wuri guda a yi wa gari aiki.

Mu a ganinmu wannan ce hanyar da ta dace, domin abin da ke fitar da yaron ƙauye daga aji ya wuce rashin alli da littafi. Yarinyar da take tafiya mai nisa neman ruwa da asuba ba za ta iso makaranta kan lokaci ba, sai an haƙa rijiya a gari. Manomin da ya sayar da hatsinsa da araha lokacin kaka, ya komo yana sayensa da tsada a tsakiyar damina, dole ya tura ɗansa ƙwadago, sai fa in akwai rumbun tsimi na gari da zai ranta masa ya biya bayan girbi. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ke kayarwa kowace damina yana bukatar gidan sauro da ɗakin shan magani kusa. Idan aka yi waɗannan, yaron da ke cikin hoto ya amfana, ƙanensa da ba a ɗauka ba shi ma ya amfana, gonar ubansu kuma ta sami ƙarfi.

Duk da haka akwai sharuɗɗan da muke ganin bai kamata a sassauta ba. Mutanen gari, maza da mata, su ne za su zaɓi aikin da za a fara. A bayyana musu abin da ya shigo da abin da aka kashe. Kada a ɗauki hoton yaro ba da yardar iyayensa ba, kada kuma a yi tallar tsummansa. Kada a mai da taimako tarkon sauya wa kowa addini. Kada kuma Gwamnati ta fake da agajin baƙi ta yi barci, alhali tun 1976 aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a Nijeriya, kuma dokar 2004 ta mai da ilmin farko tilas.

Saura mu. Riƙon ɗan wani da aikin gayya al'adunmu ne tun kafin Turawa su zo. Makarantun da muka yi karatu a cikinsu kuwa, da gumin manoman gyaɗa da auduga da masu biyan haraji da jangali aka aza harsashin da yawa daga cikinsu. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski.

Don haka muna kira ga ƙungiyoyin ɗalibai na garuruwa da ƙananan hukumomi, kowace ta zaɓi firamare guda a ƙauyukansu. A babban hutu a je a zauna da dagaci da malamai da iyaye, a ƙidaya yaran da suka bar aji, a ji dalili daga bakin iyayensu. Yayyenmu da suka kama aikin Gwamnati su ware wani abu kowane wata, kamar yadda suke zubin adashi, a riƙa karanta lissafinsa a gaban jama'a. Shafukan wannan mujalla a buɗe suke ga duk ƙungiyar da ta fara, ta aiko mana da rahoton abin da ta tarar.

Allah ya ba mu ikon cikawa, amin.