Kasalar Tumbi: Cutar da Ta Rasa Suna a Bakinmu

A unguwannin Hausawan Duwala, irin su New Bell, majinyaci kan fassara ciwonsa sau biyu kafin likita ya ji shi: daga jiki zuwa Hausa, daga Hausa zuwa Faransanci. Kalmar ciki kuwa tana da faɗi ƙwarai, ta haɗa tumbi da hanji da mara, har da juna biyu. Idan mai ciwon sukari ya ce cikinsa ke damunsa, aka mayar da zancen mal au ventre, to rabin bayanin ya zube a hanya. Sai ya koma gida yana shan maganin olsa ko na tsutsar ciki.

Alhali akwai wata cuta da likitoci ke kira gastroparésie, wadda Kassander ya siffanta a jikin masu ciwon sukari a 1958. Hanyar abinci ba ta toshe ba. Tumbi ne ke jinkirin tura shi zuwa hanji, sau da yawa saboda sukari ya lalata jijiyar da ke motsa shi. Mutum ya ƙoshi da loma kaɗan, ciki ya kumbura, zuciya ta tashi, wani lokaci ya amayar da abin da ya ci tun safe.

Ra'ayina shi ne mu kira ta kasalar tumbi. Shanyewa ta yi tsauri, domin tumbin bai daina aiki ba, sanyin jiki ne ya kama shi. Na san wasu za su ce tumbi kalmar mahauta ce. Haka ne, amma kowa ya san gaɓar da take nufi, abin da ciki ba ya yi.

Sunan da kansa yana koyar da magani. Ba a ɗora wa mai kasala babban kaya: a ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini, a rage maiƙo da abinci mai yawan ɓawo ko zare. Kunu da fate mai laushi sun fi ƙosai da wake da tsire mai kitse sauƙin wucewa, haka ma eru da man jansa ba na wannan majinyaci ba ne. A kula da sukarin jini, a nisanci Tramol, domin yana ƙara wa tumbi nauyi. Mai azumi kuma kada ya cika ciki lokaci guda da buɗa-baki.

Ƙwayoyin da ke zaburar da tumbi, irin su Primpéran da Motilium, ba na sayen bakin titi ba ne. Na farko, idan aka daɗe ana sha, yana iya jawo motsin baki da fuska da mutum ba ya iya tsayarwa. Na biyu yana iya rikita bugun zuciya. Kafin a sha su, sai likita, a Laquintinie ko wani asibitin, ya leƙa tumbi da na'ura ya tabbatar babu toshewa ko gyambo.