Ɗauke wuta a Nijar: sayen janareto sai da lissafin mai

Duk shekara idan bazara ta kama, daga Maris zuwa Mayu, buƙatar wutar lantarki kan zarce abin da kamfanin NIGELEC ke iya rarrabawa, sai unguwanni su koma jiran layi. A Maradi, Damagaram, Tahoua da Yamai, lokacin ne tela, mai sayar da ƙanƙara da mai cajin waya ke fara tambayar kuɗin janareto, ko gurup kamar yadda aka fi kiransa.

Matsalar ta samo asali ne daga dogaro da waje. Kafin 2023, kimanin kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar daga Najeriya take zuwa. Da Najeriya ta katse layin a watan Agustan shekarar, ƙarƙashin takunkumin CEDEAO, birane sun kwana cikin duhu har zuwa farkon 2024. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta rage wa Yamai nauyi, amma madatsar ruwan Kandadji ba ta fara ba da wuta ba.

Sai dai janareto ba ya rabuwa da tasa matsalar, wato mai. Gwamnati ta rage litar esansi daga CFA 540 zuwa 499 a watan Yulin 2024, amma a Maris ɗin 2025 an ga dogayen layuka a gidajen mai, domin matatar SORAZ ba ta wadatar da ƙasa, kuma man ƴan ruwa-ruwa ya daina araha tun da Najeriya ta janye tallafi a 2023.

Janareto mai ƙarfin kVA 2.5 kan sha kusan lita ɗaya a awa. Idan ya yi awa shida a rana, jika uku ke nan, kusan jika 90 a wata, fiye da ninki biyu na mafi ƙarancin albashi, wato jika 42. Don haka wanda ya sayi babban inji alhali fanka biyu da ƙwan wuta kaɗai zai kunna, ya ɗora wa kansa harajin kullum.

Lissafin da ya dace shi ne a haɗa wat ɗin kayan da za a kunna lokaci guda, a bar rarar kashi 20 zuwa 30. Firigo da famfon ruwa kan ja ninki uku na ƙarfinsu yayin tashi, abin da ƙaramin injin da ake haɗa wa esansi da baƙin mai ba zai ɗauka ba. Lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin inji sau da yawa ƙarfin ɗan lokaci ce, gara a nemi ta ƙarfin da yake riƙewa. Kafin a biya, a tabbatar akwai kayan gyaransa da makanike a garin.

Akwai kuma batun rai. Hayaƙin janareto na ɗauke da iska mai guba marar wari da ke kashe mutum cikin barci, don haka a fili ake ajiye shi, nesa da taga, ko da ana tsoron ɓarawo. Haɗa shi da wayoyin gida ba tare da makunnin da ke raba shi da layin NIGELEC ba na iya ƙone kaya, ko halaka ma'aikacin da ke gyara a kan turke.

Ga mai sana'ar da wuta ke kawo masa kuɗi, janareto na biyan kansa. Gidan da haske da fanka kawai yake nema, faifan sola da batir sun fi masa sauƙi a tsawon lokaci.