Sharhinmu: Barcin ido biyu da faɗuwar gaban ƴan kasuwa

Duk wanda ya taɓa kasa kaya a kasuwa ya san daren da barci ke ƙaurace wa ido. Gobe ranar zubin adashe ce, kaya na can maƙale a hannun duwan, mai bin bashi ya ce zai zo da hantsi, ga kuɗin lakkol na yara ba a biya ba. Sai mutum ya kwanta yana lissafi har kiran assalatu. Wannan kowa ya san ta, kuma da zarar an sauke nauyin takan wuce. Amma akwai wadda ba ta wucewa. An biya bashin, kaya sun iso, ciniki ya buɗe, duk da haka gaba na faɗuwa ba dalili, zuciya na dukan uku-uku, numfashi na sarƙewa, tafin hannu na zufa, ciki na murɗawa. Mace tana zaune gaban tumatir ɗinta, sai ta ji kamar yanzu za a zo mata da mummunan labari. Ta yi wata shida a haka ba ta gaya wa kowa ba, don kada a ce ta cika raki, ko a ce an yi mata jifa.

Ba abin mamaki ba ne a ce wannan cuta ta samu wurin zama cikin kasuwanninmu. Manya ba su manta da watan Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa, jarin mutum ya rabu biyu a dare ɗaya. Daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da ta Ƙonni zuwa Illela suka yi tsit. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga takunkumin CEDEAO na 2023, wanda ba a ɗage ba sai Fabrairun 2024. Wanda arzikinsa ke rataye da ƙofar da wani ke iya rufewa ba shawara, ina zai kwana da ido biyu rufe?

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da cutar fargaba a duniya, mata sun fi maza yawa, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu kawai ke samun magani. Ke nan cuta ce mai suna a littafin likita, kamar hawan jini da ciwon suga. To, mu me muke yi in ta kama mu? Mu faɗa wa kanmu gaskiya: wurin mai maganin tebur muke zuwa. Ya ƙirgo ƙwayar barci irin su diazepam, ko tramol, ba awo, ba takardar lokotoro. Daren farko a yi barci mai daɗi. Bayan ƴan makonni ƙwaya ɗaya ba ta isa, in an daina kuma fargabar ta dawo ta fi ta da. An je neman sauƙi an sayo wata cutar da kuɗin aljihu.

Wannan ya sa muka ga ya dace mu yi magana a kan wata hanya da likitocin Turai da Amurka ke amfani da ita, wadda a Faransanci ake kira ipnoz. Kalmar daga harshen Girka take, ma'anarta barci, sai dai sunan ya yi kuskure, don wanda ake yi wa ba barci yake ba. Mu za mu kira ta barcin ido biyu. Ga yadda ake yi: mutum ya zauna ko ya kishingiɗa a wuri marar hayaniya, mai aikin ya sa shi ya tsai da ido a kan abu guda, ko ya bi shigar numfashinsa da fitarsa. Sannan ya riƙa yi masa magana a hankali, da murya ƙasa-ƙasa, yana kai tunaninsa wani wurin da ransa ke so, misali inuwar bishiya a gonar gidansu bayan an ɗauke ruwa. Idan jiki ya saki, hankali ya tattaru wuri ɗaya, sai a shigo da maganar da aka zo dominta: cewa numfashi na iya lafawa, cewa bugun zuciyar nan ba mutuwa ba ce, cewa gobe zai iya shiga motar da yake tsoro. Zama ɗaya yakan ɗauki rabin awa zuwa awa guda, akan yi zama da dama, daga bisani a koya wa mutum ya riƙa yi wa kansa a gida. Kun san yadda mai ƙirga kuɗi ke nutsewa har a yi masa sallama sau biyu bai ji ba? Irin wannan nutsuwar ce ake kirawo da gangan, a yi aiki da ita.

Mun san tambayar da ke bakin mai karatu: ba tsafi ba ne kuwa? An yi wannan gardamar a Turai tun sama da shekara 200. Wani likita Bajamushe, Franz Mesmer, ya sauka Paris a 1778 yana da'awar cewa akwai wani ƙarfi na ɓoye da ke gudana daga jikinsa zuwa jikin majinyaci. Masu kuɗi suka yi ta tururuwa. A 1784 sarki Louis na 16 ya kafa kwamitin bincike, ciki har da Benjamin Franklin da Lavoisier. Suka rufe wa mutane ido suka gwada, suka tarar babu wani ƙarfi na ɓoye, tunanin majinyacin ne da kansa ke aikin. Daga baya, a shekarun 1840, wani likita ɗan Sikotland mai suna James Braid ya nuna cewa tsai da ido da tattara hankali sun wadatar. Babu turare, babu yanka, babu kiran kowa. Wanda ake yi wa yana jin abin da ake faɗa, kuma in ya ga dama yana iya buɗe ido ya tashi.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne aikin da aka yi da ita a ɗakin tiyata, inda tsoro ya fi ko'ina yawa. A asibitin jami'ar Liyej ta ƙasar Beljik, wata likita mai suna Marie-Elisabeth Faymonville ta fara a 1992 yi wa mutane aiki ba tare da an sumar da su gaba ɗaya ba: allurar kashe zafi a wurin yankan, ɗan maganin kwantar da jiki, sai kuma muryar mai ipnoz a kunne. An yi wa dubban mutane aiki a haka. A 2000 kuma mujallar likitoci ta Lancet ta buga binciken likita Elvira Lang ta Amurka a kan majinyata 241 da aka yi wa aikin jijiyar jini ko na ƙoda suna farke. Waɗanda aka yi wa ipnoz sun sha kusan rabin maganin zafi da na kwantar da hankali da waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba suka sha, aikinsu kuma ya ƙare cikin minti 61 a maimakon 78. Ɗan kasuwa ya fahimci wannan lissafin ba sai an fassara masa ba.

Amma kada zumuɗi ya ɗebe mu. A 2015 cibiyar binciken lafiya ta Faransa, INSERM, ta tace abin da aka rubuta a kan ipnoz, ta ce amfaninta ya tabbata wajen rage magani a lokacin tiyata da wajen wani ciwon hanji mai yawan murɗawa, amma hujjar ba ta isa ba a kan daina shan taba. Game da fargaba kuwa, wani nazari na 2019 da ya tattara gwaje-gwaje 17 ya nuna tana rage ta sosai, kuma ta fi aiki in an haɗa ta da sauran hanyoyin jinya ta magana, ba ita kaɗai ba. Sannan ba kowa take kamawa daidai ba: wasu nan da nan suke nutsewa, wasu kaɗan ne, akasarin mutane suna tsakiya. Ba a yi wa mai taɓin hankali da ke jin muryoyi ko ganin abin da babu. Kuma, wannan a rubuta a ajiye, ba ta biyan bashi, ba ta buɗe iyaka. Matar da mijinta ke ƙwace mata jari kowace Juma'a, zama goma ba zai raba ta da faɗuwar gaba ba muddin ba a tsawata wa mijin ba.

Tsoronmu a nan shi ne ƴan damfara. Kasuwarmu ba ta rasa masu saurin gano abin da ke tashe. Yau in sunan ipnoz ya bazu, gobe za ku ga wani ya ɗinka farar riga, ya kama ɗaki bayan tasha, yana cewa zai cire fargaba a zama ɗaya, a ba shi jikka ashirin. Wani ma ta wayar salula zai yi, a tura masa kuɗi tukuna. Alamominsu ba su ɓuya. Wanda ya yi alkawarin warkewa ɗari bisa ɗari, maƙaryaci ne. Wanda ya ce a bar maganin da lokotoro ya rubuta, yana wasa da rai. Wanda ya ce wa mace ta zo ita kaɗai da dare kada ta gaya wa kowa, ai ya riga ya faɗi nufinsa. Wanda kuma ya ce zai sa ki tuno wanda ya yi miki asiri, ki tashi ki bar wurin, domin masana sun tabbatar cewa a cikin wannan hali ana iya cusa wa mutum tunanin abin da bai taɓa faruwa ba, ya fito yana rantsuwa a kai. Haka ake raba kishiyoyi da maƙwabtan rumfa da gaba ta har abada. A hannun likita ko ma'aikacin jinya da ya koye ta bisa ƙa'ida ne kawai wannan hanya ke da daraja, don shi ne zai san lokacin da ba ita ake buƙata ba.

Shi ya sa matakin farko ba neman mai ipnoz ba ne. Bugun zuciya da rawar jiki da haki na iya zama hawan jini, ko ƙarancin jini, ko ciwon maƙoƙo, ko ciwon zuciya kansa, kuma babu daɗin muryar da zai warkar da waɗannan. A je likita a yi awo. A faɗi duka, har da rashin barcin, har da ƙwayoyin da aka saya a tebur, ba kunya. A rage shayi mai kauri da kofi da goro in gaba na faɗuwa, don suna ƙara wa zuciya gudu. Abu ɗaya kuma da mai kayan miya za ta iya yi a rumfarta ba ta biya ko dala ba: ta zauna, ta shaƙi iska a hankali ta hanci, ta fitar da ita a hankali fiye da yadda ta shaƙa, ta maimaita na ƴan mintoci. Fitar da numfashi a tsanake yana rage saurin zuciya, kuma da shi masu ipnoz da yawa suke buɗe zamansu.

Ga hukumomin kiwon lafiya kuma muna da koke. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasarmu ƙalilan ne, galibinsu a Yamai, mutanenmu kuwa da sun ji sunan sashen sai su ce na mahaukata ne, su juya. Mai sayar da ƙuli-ƙuli a Tasawa ko mai goro a Tawa ba za su bar rumfa su yi tafiyar yini don faɗuwar gaba ba. Tun 2008 OMS ta fito da shirin mhGAP domin a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane irin waɗannan cututtuka da kula da su. Muna roƙon a faɗaɗa wannan horo ya kai ga majo da ungozoma na kowace CSI, a haɗa da dabarun kwantar da majinyaci da magana da numfashi, waɗanda ba su buƙatar inji ko lantarki. Ranar 10 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya. Maimakon a yi bikinta a otel da jawabai cikin Faransanci, a kafa rumfa a babbar kasuwar Maraɗi da kasuwar Dole ta Damagaram, a zo da abin awon jini da ma'aikaciya mace mai jin Hausa, a nemi sarakunan kasuwa da iyayen adashe su yi shela tun ana saura mako guda.